Tanimun da Ƙwaryar Salula

Duk wanda ya taɓa sauka tashar kamyoyi, wato manyan motocin dakon siminti, ta Malbaza a shekarun nan, ya zaga bayan shagon mai facin taya, to ya ga Tanimun mai shayi ko da bai san sunansa ba. Siriri ne, baƙi, da 'yar furfura a gemu, kullum kan benci ɗaya, buta a gabansa, wata tsohuwar ƙwarya a gefen ƙafarsa an rufe ta da faifai. Baƙo sai ya ɗauka fura ce a ciki. Wayoyin salula ne, na mutanen da ke zaune cikin rumfar zana da ke bayansa suna karta. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin ƙwaryar nan, kuma in ka tambayi 'yan tasha za su rantse maka ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Su dai 'yan tasha, mutum in ba ya zagi to ya zama waliyyi a wurinsu.

Ɗan Dogarawa ne. Ubansa ya rasu yana goye, uwarsa Sakina ta rene shi da suyar ƙuli-ƙuli, ta ƙi sake aure don kada wani ya ɗaga masa hannu. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku ya gudu, ya koma gonar hatsin da uban ya bari. Da ƙashinsa ya yi ƙwari sai ya riƙa zuwa Malbaza da rani yana dakon siminti. Aikin dako kuwa rabinsa jira ne: kamyo ya zo a yi ta gudu da buhu a ka, kamyo ya tafi a zauna ana kallon hanya. A cikin zaman jiran nan ya koyi karta.

Wasan da ake yi a rumfar nan suna ce masa Tara, kuma ko jaki aka zaunar yini ɗaya zai iya shi. Kowa ya ajiye abin shigarsa a tsakiyar tabarma, mai rabo ya ba kowa karta uku a kife. Ka ɗaga naka ka ƙirga idanu. As ɗaya ce, biyu biyu ce, haka har tara. Goma da masu hoto, wato sarki da mace da bawa, wofi ne, ba su da ido ko ɗaya. In jimla ta haura goma sai ka zubar da goman ka riƙe abin da ya saura, don haka mai bakwai da takwas da sarki, biyar ke gare shi. Tara ita ce ƙarshen magana. Bayan kowa ya ga nasa sai a zagaya: ko ka ƙara, ko ka bi, ko ka kife kartarka ka haƙura da abin da ka zuba. Waɗanda suka rage su buɗe, mai ido mafi yawa ya kwashe, rabo ya koma hannunsa. In an yi kunnen doki, tulin ya kwana a tsakiya sai hannu na gaba. Shi ke nan wasan, sauran duk iya riƙe fuska ne.

Sai ƙa'ida ɗaya da ba ta cikin karta, ta tabarma ce: mai ci ba ya tashi. In kana ci, ba ka da ikon naɗe ƙafa ka tafi muddin wanda ka ci yana da abin ajiyewa kuma yana so a raba. Ba ciwon ciki, ba kiran mata, ba kamyo ya iso. Abu ɗaya ke ɗaga ƙa'idar nan, rai. In aka aiko cewa wani naka yana gargara ko ya cika, to ka tashi da abin da ka ci, babu mai cewa uffan.

Mai rumfar wani ne Isufu, mutumin wani ƙauye can bayan Alela, tsohon karen mota. Babu mai kiransa da sunan yanka, Takama ake ce masa, don ko bayan gida za shi sai ya tafi yana rangaji. Ƙato ne mai fara'a da kyauta, irin mutanen da kan saya maka goro da kuɗin da suka ci a hannunka har ka yi godiya. Shi ke tsare ƙofa a lokacin, domin ba a barin wanda ba ɗan wasa ba ya leƙa rumfa karta na ƙasa. Mai saƙo a bakin zana yake tsayawa, ya ba mai rumfa, mai rumfa ya shigar.

Wata Laraba cikin bazara sa'a ta sauka a kan Tanimun tun da safe. Ko wofi ya ɗaga, sai abokan wasa su tsorata su kife. Kafin hantsi ya ɗaga ya share mutum uku, ya rage daga shi sai Takama. Takama ya zuba abin aljihu ya ƙare, ya cire agogo, agogo ya bi. Ya ciro makullin motonsa, wato babur ɗinsa, ya jefa tsakiya yana murmushin da bai kai ciki ba. Ya buɗe takwas, shida da biyu da mace, har ya miƙa hannu. Tanimun ya juya nasa ɗaya bayan ɗaya, huɗu, huɗu, as. Ya jawo makulli ya sa ƙarƙashin cinyarsa.

Daidai nan aka yi sallama a bakin zana. Takama ya tashi ya fita. Tanimun ya ji ƙarar moto a tsaye da 'yar magana ƙasa-ƙasa, bai kula ba, hankalinsa na kan tulin da ke gabansa. Takama ya dawo ya zauna yana gyara riga.

"Wa na?" in ji wani.

"Wani na ka neman direban Tawa," in ji Takama. "Raba, Tanimun. Mai ci ba shi tashi."

Aka raba. Aka yi azahar suna zaune, rana ta karkata, sa'a ita ma ta karkata. Makulli ya koma wurin mai shi, agogo ya koma, abin aljihu ya koma har da na Tanimun a kai. Sai da aka kira la'asar Takama ya fita kamar zai kama ruwa, ya dawo da fuska a murtuke.

"Tanimun, yanzun ga anka aiko daga Dogarawa. Innakka ba ta da lahiya. Tashi in kai ka."

Shi ya goya shi a moton har ƙofar gida, kuma Tanimun ya yi masa godiya. Wannan godiyar ta daɗe tana ci masa rai fiye da komai. A ƙofar gidan ya tarar da maza zaune kan tabarmi, ga fartanya da shebur a jingine da katanga, ƙasar jikinsu ba ta bushe ba. Kawunsa ya ɗaga kai ya dube shi sau ɗaya ya mayar. Daga baya ya ji cewa da aka ce a ɗan jira ɗanta, kawun ne ya ce ba za a ajiye gawa cikin zafin nan don ɗan caca ba. Wata maƙwabciya da ta riƙe kan Sakina ta ja shi gefe ta ce tun safe take kiran sunansa, tana cewa tana da magana da shi. An ce ta faɗa a isar masa, ta ƙi. Ana kiran azahar ta cika da maganarta a ciki.

Ran sadakar uku Mumuni ɗan kabu-kabu ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da shi ya ce a hankali, "Amma Tanimun ka ba ni mamaki. Tun hantsi nik kai saƙo. Takama yac ce min in wuce, shina kawo ka da kainai."

Tanimun ya ce, "Hantsi?"

"Hantsi. Ko rana ba ta yi zahi ba."

Daga Malbaza zuwa Dogarawa ko kan jaki ne da ya iske ta da rai. Ya karɓi gaisuwar Mumuni ya yi amin. Cikin kwanakin zaman makoki ya yi tunanin wuƙa, kuma ba sau ɗaya ba, har ya wasa wadda uwar ke yanka albasa da ita. Abin da ya hana shi ba tsoron Allah ba ne, ba kuma tsoron jandarma ba, kada mu yi masa ƙarya. Ya duba ne ya ga cewa wanda aka soke minti nawa zai yi yana jin zafi. Shi abin da yake so, Takama ya tsaya a ƙofar gida ya ga shebur da ɗanyar ƙasa, ya rayu da shi. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma sai an rama da irin abin da aka yi.

Bayan arba'in ya koma Malbaza da buta da kurfoti na gawayi da benci. Ya gaida Takama hannu biyu, ya ce ya bar karta, ya bar dako, yana roƙon a bar shi ya kafa shayi a bakin rumfa. Takama ya leƙa idonsa yana neman wani abu, bai samu ba. Ya saki jiki, har ya saya masa sukarin farko.

Ba a jima ba salula ta cika gari, ta zo wa 'yan karta da fitina. Wani da aka cinye ya fita ya kira jandarma, wani ya ɗauki hoton wani ɗan kasuwa a kan tabarma ya kai wa surukinsa. Sai aka kafa doka: mai shiga rumfa ya bar salularsa a waje. Wa za a ba? Ga Tanimun zaune a ƙofa, ba ya wasa, ba ya gulma, ba ya tashi. Shi ya kawo ƙwaryar daga gida. In waya ta yi ƙara shi ke ɗauka, ya ji ko mene ne, ya auna. Matar da ke neman cefane ya ce mata maigida na buro, wato ofis. Direban da kamyonsa ya mutu a hanya ya ce masa ya jira. In maganar rai ce ya ɗaga zana ya kira mutum, kuma sau huɗu ya yi haka cikin shekarun nan, bai taɓa jinkirta wa kowa ko da shan ruwa ba. Ta haka tsaron ƙofa da saƙo duk suka dawo hannunsa, Takama ya samu ya zauna kan tabarma yini guda hankali kwance.

Rayuwarsa ta tsaya nan kamar an ɗaure ta da igiya. Matarsa Hidaya ta yi magana har ta gaji. Wani ɗan uwanta ya samar masa aikin gadi a izin, wato masana'antar siminti, mai albashi, ya ƙi. Aka ce ya zo Konni a buɗe masa teburin shayi a bakin kasuwa inda ciniki ya ninka na nan, ya ƙi. Ko da damina, da asuba yake noma ya hau moto ya dawo kafin a shimfiɗa tabarma. Hidaya ta ce ko asiri Takama ya yi masa. Bai musa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ya san kukan salular Takama kamar yadda uwa ta san na jaririnta. Duk ranar da ta yi ƙara sai ya yi wuf ya ɗauka, ya tarar mai gyaran moto ne. Ya kuma san labarin tsohuwar Takama, don mai shayi shi ne kunnen kowa. Tana can ƙauye tare da ƙanwarsa Fadila, kuma ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarsa. Buhun shinkafar da ya aika ta sa an mayar masa a kan amalanke, ta ce ba a dafa mata haram a tukunya. In ya je sai ta juya fuska bango. Ƙaton nan mai rangaji, in ya zo nan a labari sai muryarsa ta ƙanƙance.

"Ni dai Tanimun, ko ba ta dube ni ba, ta buɗe baki ta ce ta yahe min kahin ta tahi. Shi kaɗai ni ka roƙo."

"Allah shi sa," in ji Tanimun, yana tsiyaya masa shayi. Kullum kuma sai ya tambayi lafiyar tsohuwa, har mutane na cewa dubi maraya, uwar wani ma tausayinta yake.

Addu'arsa kuwa, in an bi ta gaskiya, mummuna ce. Yana roƙon Allah kada ya ɗauki ransa kafin na tsohuwar, kuma in ranar ta zo ta faɗo ranar karta. Wata shekara ciwo ya kayar da ita ran Juma'a, ranar da ba a buɗe rumfa, salula na aljihun mai ita. Takama ya tafi da gudu. Tanimun ya kwana biyu abinci ba ya wuce masa. Da aka ce ta miƙe, ta kuma sake juya wa ɗanta baya, sai da ya yi sadakar shayi.

Ranar ta zo wata Asabar bayan kaka. Wani Wakili, dillalin albasa daga Galmi, ya shigo da aljihu cike da kuma baki cike, ya ce ya ji ana zuga wani Takama. Aka jefa salula cikin ƙwarya, aka saki zana. Tun hannun farko Takama ya hau kansa. Tanimun na jiyo dariyarsa daga waje, yana jin Wakili na cewa a raba. Hantsi bai gama ɗagawa ba ƙwarya ta ɗauki kukan da ya sani.

Muryar mace ce, tana haki. "Wa ka magana? Fadila ta. Don Allah ba Yaya waya, Inna ta, jikin ya ƙi. Shi taka kira."

"To," in ji Tanimun. "Ga shi nan."

Ya miƙe da wayar a kunne. Zana na hannun damansa, taku biyu. Ya yi hagu, ya zaga bayan tulin tsofaffin tayu na mai faci ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya yana shirya wannan tsayuwar. Nufinsa ya ɗan yi shiru ya kashe. Sai Fadila ta ji an daina tafiya, ta ɗauka an miƙa wa yayanta wayar.

"Yaya, ga ta. Na aza mata ga kunne, yi mata magana. Bari in kira Malam."

Ya ji takunta ta fita da gudu, ya ji ƙyaure ya bugu. Sai numfashi, mai nauyi, yana shiga yana fita da ƙyar. Wannan bai shirya masa ba.

"Isuhu," in ji tsohuwar. "Kai na?"

Tanimun ya ƙara manna wayar a kunne.

"Ka yi shiru. Kunya ka kai. Bari kunya, ɗana, lokaci ya ƙure." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Na yahe ma. Duniya da lahira na yahe ma. Ban taɓa ƙin ka ba ko yini guda, hushi na kawai, kuma hushin ya hi ci na bisa gare ka. Nonon da kash sha halal na. Allah shi yi ma albarka. Ka ji ni?"

Bakin Tanimun ya buɗe da kansa. "Na ji, Inna."

"To taho in gan ka."

Ya tsaya da waya a kunne har numfashin ya koma gurnani, har ya ji muryoyi sun shigo ɗakin. Sannan ya danna ya kashe ta gaba ɗaya. Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya koma benci, ya sa wayar ƙasan sauran cikin ƙwarya, ya mayar da faifai. In akwai lokacin da zai fasa to wannan ne, kuma ya san haka. Ya dubi zana, ya tuna maƙwabciyar nan tana ce masa an ce uwarsa ta faɗa ta ƙi. Ya ƙara gawayi a wuta.

Can Takama ya ɗaga murya ya ce a kawo wa kowa shayi, shi zai biya. Tanimun ya shiga da tire. Ya tarar an kai inda ake so, tuli ya kwana sau biyu a tsakiya, Wakili na zufa, ya ƙara, Takama ya bi, ya sake ƙarawa, Takama ya sake bi. Wakili ya buga nasa a tabarma, biyar da uku da bawa, takwas. Takama ya ɗan jinkirta don jin daɗi, ya juya sarki, ya juya mace, 'yan kallo suka fara yi wa Wakili barka. Ya juya ta ukun, tara ce. Rumfa ta kaure. Ya karɓi kofi daga hannun Tanimun yana dariya har da hawaye.

"Yau ranata ta, Tanimun. An kira?"

"Ranakka ta," in ji Tanimun. "Sha da zahi."

Wajen azahar wani maƙwabcin Takama ya iso a moto, matar Takama ce ta turo shi, ta ce ana ta kira daga ƙauye waya a kashe. Tanimun ya tare shi tun kafin ya sauka, ya ce ai saƙo ya riga shi, mutumin ya kama hanyar Alela tun ɗazu. Moton Takama kullum a cikin shagon mai faci yake ɓuya saboda jandarma, don haka babu abin da zai ƙaryata shi. Maƙwabci ya yi hamdala ya juya.

Daga nan sai jira, kuma jira sana'arsa ce. Ya san daga Malbaza zuwa ƙauyen sai an bi ta Konni, sannan a saki kwalta, tafiyar awa biyu da ɗoriya ga mai sauri. Ya bar inuwar rumfa ta tsallake benci, ta kai tulin tayu. Aka kira la'asar, ya yi sallarsa a nitse. Sai da Wakili ya fito yana kaɗe aljihu, mutane suka zo karɓar salularsu, ya kunna ta Takama ya miƙa masa. Ba ta kai aljihu ba ta yi ƙara. Tanimun ya tsaya yana kallon fuskar nan tana saukowa, bai ƙifta ba, kuma ya ji daɗi. Wanda ya ce maka ramuwa ba ta da daɗi bai taɓa samun ta ba ne.

Kwana takwas rumfa na rufe. Ran na tara da safe, tasha ba ta cika ba, Takama ya zo a ƙasa. Ya rame, rigar jikinsa ta kwana. Ya zauna ƙarshen benci, wurin da bai taɓa zama ba.

"Na iske an rufe ta," ya ce. "Fadila tac ce min, ai ka gode Allah kun yi magana, ni da kaina na aza mata waya ga kunne." Ya juyo. "Da wa tay yi magana, Tanimun?"

"Da ni."

"Don mi? Mi niy yi ma?"

"Da hantsi Mumuni yaz zo," in ji Tanimun. "Ba da la'asar ba."

Ana ganin Takama yana lalube a cikin shekaru kafin ya kai ga ranar, kuma wannan ya ƙara wa Tanimun ƙuna, wato mutumin ma ya manta. Da ya tuna sai kafaɗunsa suka zube. Bai yi musu ba, bai yi zagi ba. Da ya yi zagi da ya fi masa sauƙi.

"Ka rama," ya ce. "Na ɗauka. To mi tac ce?"

Tanimun ya ɗauraye kofi.

"Fadila ba ta ji ba, ta hita kiran Malam. Kahin su komo harshe ya karye. Kai ɗai kaj ji. Mi tac ce?"

Sai Takama ya yi abin da ya iya. Ya sa hannu aljihu ya ciro karta sabuwa, ya aza a benci, ya aza makullin moto a kai, ya ce da rumfa da tabarma da gidansa na Konni duk ya zuba. Hannu ɗaya. In ya ci a gaya masa, in an ci shi a kwashe, kuma Tanimun ne zai raba.

Tanimun ya dubi kartar. Hannunsa bai manta ba, har yatsunsa sun motsa. Ya ce, "Kai ka koya muna ba a raba sai abin tsakiya ya yi daidai. Ni maganar uwa za ni ajewa. Kawo wadda tawa tat tahi da ita, ka aje, sai in raba."

Takama ya sauko daga benci ya durƙusa a ƙasa, cikin tokar shayi, gaban masu faci da suka fara taruwa. "Ko tsine min tay yi, gaya min. In san inda ni tsaya."

Tanimun ya yi tunanin ya ce masa tsinuwa ce. Kalma ɗaya, ta gama da shi. Amma ya ga wanda ya san an tsine masa zai yi kuka ya gaji, wata rana ya saba, shi kuwa wanda bai sani ba kullum da safe sabo ne. Ban da haka ma, ba zai iya yi wa muryar nan ƙarya ba.

"Ta yi magana," ya ce. "Mai tsawo, kuma da hankalinta. Ga kunnena taz zuba ta, nan za ta zauna har a rufe ni da ita. Tashi, kana tare min masu saye."

Masu faci ne suka ɗaga shi. Labari ya zaga tasha kafin azahar, waɗanda ke ce masa waliyyi jiya suka koma cewa ba su taɓa ganin baƙin ciki irin nasa ba. Malamin masallacin tasha ya zo da kansa ya ce masa saƙon mamaci amana ce, kuma zai amsa tambaya a kanta. Tanimun ya ce ya sani. Hidaya ta yi kuka ta ce ya ji tsoron Allah, ya rama ai, me ya saura. Ya ce babu.

Akwai abin da ya saura, shi ne bai iya gaya mata ba. Tun ranar Asabar ɗin nan maganar tsohuwar ba ta bar kunnensa ba, da tsayawarta da numfashinta. Ya san ba tasa ba ce, ya san sata ya yi. Amma tun da aka haife shi ba a taɓa gaya masa irinta ba, wadda za ta gaya masa ta tafi yana kan tabarma yana ƙirga ido, kuma in ya miƙa wannan ga mai ita ba shi da wata. In ciniki ya lafa, ya ga babu kowa kusa, sai ya sunkuya kamar mai hura wuta ya maimaita ta a hankali tun daga farko, ya cire Isuhu ya sa Tanimun.